Na jiƙa kan rago a Hypo ya yi fari sannan ya koma rawaya, ina mafita?

Tambayar daga wani malamin bayoloji ce a wata sakandare. Ya ce lab ɗinsu babu ko ƙashi ɗaya, shi ne yake son ya haɗa ƙoƙon kan rago da na kare da ƙwarangwal ɗin zomo saboda firaktikal ɗin yara. Ya tafasa kan rago ya zare naman, ya jiƙa a ruwan Hypo kwana 2 ya fito fari tas, amma bayan wata guda sai ya koma rawaya-rawaya yana ɗan wari, kuma in an shafa sai farin gari ya biyo hannu. Yana tambaya ko ya ƙara Hypo ne, ko ya haɗa masa da Harpic don ya fi ƙarfi.

Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri, ba kowa ne zai cire kuɗin aljihunsa ya sayi kan rago don yara su ga abu da idonsu ba. Amma bari in fara da abun da zai iya kai ka asibiti kafin mu zo kan ƙashin. Dan Allah kar ka kuskura ka zuba Harpic a kan Hypo, ko a bokiti ko a bayi ko a ina ma. Hypo da Jik da wanda mutanen Nijar ke ce wa jabel duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sinadarin kulorin ne a ruwa, shi kuma Harpic ɗin nan mai kauri na wanke masai yawancinsa asid ne mai ƙarfi, suna haɗuwa iskar kulorin za ta tashi, irin gubar da sojojin Jamus suka saki a Beljiyam a 1915 lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Tari, hawaye, ƙirji ya riƙe, in a ƙaramin ɗaki ne babu taga abun yana iya wuce haka. Haka ma Hypo da ruwan khal, Hypo da amoniya, Hypo da haidirojin feroksaid na wanke ciwo, duk babu wanda ake haɗawa. In tsautsayi ya sa an riga an haɗa, a fita waje wurin iska nan take, a buɗe ƙofa da taga, kar a tsaya ana leƙen bokitin, wanda numfashinsa bai dawo daidai ba a kai shi asibiti. Banda ma guba, shi Harpic ko shi kaɗai narkar da ƙashi yake yi, kaga babu ribar da za a ci.

Toh yanzu me ya samu ƙashinka. Matsala biyu ce daban-daban ka haɗa su wuri ɗaya. Shi ƙashi ba dutse ba ne zalla, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adani ne na kalshiyam, ragowar kuma yawanci wani furotin ne mai kama da zare da ake kira kolajin, sai ruwa. Ka ɗauke shi kamar ginin ƙasa irin namu, ma'adanin shi ne lakar, kolajin shi ne ramno da ake kwaɓawa a ciki don ya riƙe ta. Hypo ramnon yake cinyewa ya bar maka lakar tsura, shi ya sa kake ganin gari a hannunka. Kuma abun haushin shi ne ƙashi duk 'yan ƙofofi ne, ruwan yana shigewa can ciki inda ɗauraya ɗaya ba ta kaiwa, sai ya ci gaba da ɓarna ko bayan ka ajiye ƙashin, yau ɓawo ya tashi, gobe siraran ƙasusuwan cikin hanci su zube, wata rana ka ɗaga ya ɓare maka a hannu.

Rawayar da warin kuwa ba ruwansu da rashin ƙarfin Hypo, kitse ne. Ƙashi na ɗauke da maiƙo a cikinsa, tafasar da ka yi ta narkar da kitsen kan ta ƙara tura shi ciki, Hypo ya faranta saman kawai, da zafi ya bugi ƙashin sai maiƙon ya tsattsafo waje ya fara ɗoyi. Ko ka zuba jarka guda haka zai sake dawowa. Farin ƙashi na gaskiya daga cire kitse yake zuwa, sinadarin da ake sawa a ƙarshe ɗan ƙarasawa ne kawai, kuma mu da muke wannan aiki a lab mun fi ɓata lokaci a wurin kitsen fiye da komai.

Wancan kan da ka riga ka jiƙa, gaskiya ba zai koma yadda yake ba, abun da ya ci ya ci. Abun da za ka iya shi ne ka tsayar da ɓarnar, ka jiƙa shi a ruwa zalla kana canzawa safe da yamma na kamar sati guda har warin Hypo ya ɓace gaba ɗaya, sannan ka bi matakin cire kitse da zan faɗa, in ya bushe ka dama farin gam na kafintoci irin Top Bond da ruwa ya yi tsululu ka shafa masa da burushi sau biyu ko uku. Zai riƙe garin. Ka bar shi ya zama wanda yara za su riƙa jagwalgwalawa, ka sake sabo mai kyau na ajiya.

Sabon, ka je kwata da kanka da sassafe ka ce wa mahauci kai kake so ba a babbake ba, ba a sa masa gatari ba, don su da sun ga kai hannunsu ya saba fasa shi a fito da ƙwaƙwalwa. Babbaka tana ƙona ƙashin hanci da gindin ƙaho, kuma wannan baƙin babu abun da ke fitar da shi. Ka zaɓi babban rago wanda ya gama famfara, ɗan shekara 3 zuwa 4, saboda na ƙarami ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, yana jiƙuwa zai rabu gida-gida. A feɗe fatar, a cire harshe da naman kumatu da ido, waɗannan a kai wa uwargida ba asara, a raba muƙamuƙin ƙasa da kan a hankali ba da ƙarfi ba. Ƙwaƙwalwa ta ramin ƙeya ake fitar da ita, inda kai ya haɗu da wuya, ka lanƙwasa bakin waya ka dama ta, ka zuba ruwa ka girgiza ka zubar, ka yi ta yi har ruwan ya fito garau, don ita kitse ce sosai in ka bar ta ita za ta fi ɓata maka aiki. Wuƙa kar ta kankari ƙashi, abun da ya ƙi fita ka ƙyale shi. Sannan tunda a lab kake nasan hannunka zai kai ga fomalin, ruwan nan da ake adana nama da gawa a ciki, toh kar ka sa, yana busar da nama ya manne ya ƙi ruɓewa har abada. Izal da Dettol ma haka, suna kashe ƙwayoyin da su ne ma'aikatanka a mataki na gaba.

Hanyar da ta fi ba da ƙashi mai kyau ita ce mafi ƙazanta, ruɓarwa a ruwa. Bokitin roba mai murfi, ka sa kan a ciki ka cika ruwa ya rufe shi, kar ka sa sabulu ko gishiri ko komai, ka ɗora murfi ba tare da ka danne shi gam ba, ka ajiye a rana can nesa da mutane. Ƙwayoyin bakteriya sun fi aiki in ruwan na tsakanin digiri 30 zuwa 38, a Turai sai sun sayi hita ta tankin kifi kafin su samu haka, mu nan daga Maris zuwa Mayu baƙin bokiti a rana ya wadatar, sati 2 zuwa 3 an gama. Da hunturu ne abun ke ja, yana iya kai wata biyu, kuma a ruwan sanyi wani farin abu mai kama da kakin zuma yakan fito ya manne a ƙashi, sai an bi shi da tsohon burushin haƙori. Duk bayan kwana 4 ko 5 ka zubar da rabin ruwan ka ƙara sabo, kar ka zubar duka don a bar iri. Kuma ka tace ta rariya ko yankin tsohon gidan sauro, saboda haƙora zubewa suke yi, musamman guda 8 ɗin nan na gaban muƙamuƙin ƙasa, in suka bi ruwa shikenan. A rami za ka zuba ruwan ka rufe, ba a kwatar unguwa ba, kuma nesa da rijiya. Warin fa ba na wasa ba ne wallahi, kar ka yi a tsakar gidan haya, bayan makaranta ya fi, ka ɗora dutse a kan murfin saboda karnuka. In ka ga ƙashin ya yi baƙi-baƙi ko toka-toka a ruwan kar ka damu, na bakteriya ne, yana fita daga baya.

In ba ka da wurin yin haka sai dahuwa, amma ba tafasa ba. Wuta kaɗan, ruwan ya yi zafi yana tururi ba ya ɓararraka, ka ɗan barbaɗa garin sabulu irin Ariel ko 'yar kanwa, awa 1 zuwa 2 kana ɗagowa kana cire abun da ya saki, kana kwashe man da ya taso sama. Kanwa tana saurin sakin nama, kowace mai girki ta san haka, amma in ta yi yawa ko aka daɗe ita ma tana cin fuskar ƙashi, don haka ɗan kaɗan. Sodar yin sabulu kuwa kar ma ka fara, tana ƙona fata tana makantarwa, ƙashin ma laushi za ta sa shi. Kuma kar ka ciro kai daga ruwan zafi ka tsoma a na sanyi, haƙora tsagewa suke. Binnewa a ƙasa tana yi amma tana rina ƙashin ja ko ruwan ƙasa kuma ƙananan ƙasusuwa na ɓata. Manyan gidajen tarihi na duniya kuwa ƙwaro suke kiwo don wannan aikin, kuma ba wani baƙon ƙwaro ba ne, shi ne ɗan baƙin nan da tsutsarsa mai gashi da ke cinye wa 'yan kasuwa bandar kifi daga Baga da busasshiyar fata a wurin majema. Don ƙananan dabbobi babu kamarsa, sai dai in ya kuɓuce maka a lab zai bi duk wani abu na fata ko gashi da ke ɗakin.

Ƙaho na da nasa hukuncin. Na rago da akuya da saniya kube ne a kan wani ƙashi da ya fito daga kai, shi kuben irin sinadarin farce da gashi ne, haidirojin na kashe masa kala ya sa shi ɓarewa. Bayan kamar sati a ruwan ruɓarwa ka riƙe ka murɗa a hankali zai zare, wani lokacin sai ka ɗan bubbuga gindinsa da katako. Na ragon Uda da ya nannaɗe sosai yakan yi gardama, ka ƙara masa kwana, kar ka sa ƙarfi. Ka wanke cikin kuben da sabulu da burushi, ka shanya a inuwa, ka sa alamar dama da hagu, ka ajiye sai an gama komai a mayar da gam. In ka bar shi a jiki ba ka cire ba, naman da ke tsakani zai ruɓe a ciki kuma warin ba zai taɓa barin ɗakin ba. Masu son kan sa na ado, irin jan sa na Bororo mai dogon ƙaho, nan ne suka fi faɗuwa.

Yanzu cire kitse, inda ake gane mai haƙuri. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, Morning Fresh ko Mama Lemon ko makamancinsu, in da hali marar kala sosai don kar ya rina. Ka matsa kamar cokali 3 zuwa 4 a bokiti, ka nutsar da ƙashin, ka rufe ka bar shi a rana. Ɗumin da ake so kamar digiri 40 zuwa 45, wanda hannunka zai iya zama a ciki. Bayan 'yan kwanaki za ka ga ruwan ya yi gajimare, mai na yawo a sama, ka zubar ka sake sabo, haka za ka yi ta yi har ruwan ya daina canzawa. Kan rago sati 2 zuwa 6, na sa ko raƙumi ya fi haka, ƙashin ƙafa mai ɓargo kuwa sai ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe ta inda ba a gani, ka tura ruwan sabulu mai ɗumi da sirinji ɓargon ya fita, in ba haka ba wata shida ma yana tsattsafowa. Yadda za ka gane an gama, ka ciro ka bar shi ya bushe kwana 2 ko 3, ka ɗaga shi a haske. Duk inda ka ga tabo mai duhu ko rawaya kamar ya jiƙe alhali a bushe yake, ko ka shafa ka ji santsi, ko ka sunsuna ka ji ƙarni, da saura. A ƙeya da gindin ƙaho da kusurwar muƙamuƙi ya fi ɓuya. Ka mayar. Nasan mutum yakan gaji a nan ya ce ai ya isa, toh sauri ya haifi nawa, bayan wata biyu za ka sake ganin rawayar nan.

Wasu na ƙara amoniya a ruwan, tana aiki sosai kuma ba ta cin ƙashi, amma a waje ake buɗe ta saboda tana shaƙe mutum, kuma tunda akwai Hypo a tarihin wancan kan naka, kar ta kusance shi sai ya sha ɗauraya ta sati. Fetur da kalanzir da na ji wasu na cewa, a'a. Fetur a buɗaɗɗen bokiti a makaranta neman gobara ne, kalanzir kuma shi kansa mai ne, zai bar maka nasa warin.

Sai farantawa, da haidirojin feroksaid, wannan da ake saya a kemis ana wanke ciwo yana kumfa. Ka duba jikin kwalbar za ka ga 3% ko 6%. Akwai kuma na shagon kayan gyaran gashi da ake haɗa rini da shi, shi da bolum ake rubuta ƙarfinsa, 10 daidai yake da 3%, 20 daidai da 6%, 30 daidai da 9%, 40 daidai da 12%. A ganina 3% zuwa 6% ya ishe ka, ba ya sauri amma ba ya ba da tsoro. In 12% ka samu, kofi 1 nasa da kofi 3 na ruwa ya koma 3%. Robar da za ka sa ta zama ta roba ɗin dai, ba kwanon ƙarfe ba, ƙarfe na kashe ƙarfinsa kuma tsatsa na rina ƙashi, waya ta tagulla kuma kore take bari. Haske ma na lalata shi, shi ya sa kwalbarsa ba ta nuna ciki, don haka a inuwa za ka ajiye ka rufa masa wani abu. Amma murfi kar ya toshe gam, yana fitar da iska, rufaffiyar roba kumbura za ta yi ta fashe.

Kwalaben kemis ƙanana ne, cika bokiti da su tsada ne, ga dabara. Ka sa kan a leda mai kauri marar huda, ka zuba haidirojin ɗin a cikin ledar, sai ka nutsar da ledar a bokitin ruwa bakinta na sama a buɗe ka maƙale shi a gefen bokitin. Ruwan waje zai matse ledar ta lafe a jikin ƙashin, ɗan kaɗan sai ya rufe ko'ina. Inda bai kai ba ka lulluɓe da auduga ko farin tsumma da ka jiƙa da shi. Na gyaran gashi mai kauri kuwa shafawa ake da burushi a naɗe da leda a bar shi ya kwana, a wanke, in bai yi ba a sake. Da 3% kwana 1 zuwa 3 ya isa ga kan rago, da 12% awowi ne, ka riƙa dubawa. Ka ciro tun yana ɗan ruwan madara, don jiƙaƙƙen ƙashi ya fi duhu, in ya bushe zai ƙara haske sosai. Shi ma in aka bar ƙashi a cikinsa sati da sati yana raunana shi. Ni dai na fi son ƙashi ya tsaya a kalar hauren giwa, layukan da ƙasusuwan kai suka haɗu sun fi fitowa, kuma su ne kake son ɗalibi ya gani. Ragowar ruwan ana sake amfani da shi, in kana son sanin ko da sauran ƙarfi ka ɗiga a kan ɗanyar hanta ko yankakken ɗanyen dankali, in ya yi kumfa yana nan da rai.

Safar hannu ta roba dole, da tabarau, ko irin na masu walda marar duhu. 12% in ya taɓa fata wurin zai yi fari yana zafi, ka wanke da ruwa mai yawa zai wuce, amma ido ba ya ɗaukar wannan, in ya fantsama a yi ta zuba ruwa minti 15 ba tsayawa sannan asibiti. Masu sayar da kemikal na jarka suna da 35% har 50%, za a ce maka ya fi arha in ka sirka, kar ka kai shi makaranta, yana ƙona fata nan take kuma in ya zuba a kan tsumma ko katako yana iya tayar da wuta. Kar ka haɗa haidirojin da ruwan khal, wani asid mai ƙona ido da maƙogwaro suke zama. Kuma abun da na fi jin tsoro a gidajenmu, juye sinadari a gorar ruwa ko ta lemo, haidirojin ba shi da kala, yaro zai ɗauka ya kafa kai. Ka bar shi a kwalbarsa, ka kulle. In yaro ya sha kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja, a tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Bayan an ciro, ɗauraya sosai, a jiƙa a ruwa zalla ya kwana, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa kwana 3 zuwa sati. Rana mai ƙarfi da iskar hunturu na tsaga haƙori. Muƙamuƙin ƙasa zai rabu biyu ta gaba, haka yake, ka haɗa da farin gam ka ɗaure da robar kuɗi, ka ɗora kan a kai tun gam bai bushe ba don turamen sama da na ƙasa su zauna daidai. Haƙora ka gwada kowanne a raminsa kafin ka sa gam, kowane rami nasa kawai yake karɓa. Kar ka tsaya neman haƙoran gaba na sama ka ce sun ɓata, rago ba shi da su, dasashi ne mai tauri a wurin, gaba ɗaya 32 ne, kuma wannan da giɓin da ke tsakanin na gaba da turame su ne abun da za ka nuna wa yara in ka ajiye shi kusa da na kare mai 42 da fiƙoƙinsa. Farin gam ya fi sufa gulu don in ka yi kuskure ruwan ɗumi na sake shi. Fenti da banish kar ka shafa, banish rawaya yake komawa, fenti kuma yana rufe duk abun da ake son gani. Gidajen tarihi wani gam mai suna Paraloid B-72 suke narkarwa a sinadarin asiton, in ka samu ya fi komai, in babu tsululun farin gam ɗin nan ya isa.

Zomo aikinsa ya fi laushi. Kar ka jefa shi gaba ɗaya a bokiti, za ka tarar da tulin ƙananan ƙasusuwa ba ka san na ina ne ba. Ka raba shi, kowace ƙafa a nata ƙullin gidan sauro da alama, kai daban, ƙashin baya kuma ka zura masa zaren kamun kifi ko siririyar waya mai rufin roba ta ramin lakar tun daga wuya har ƙugu ka ɗaure, ko sun saki za su tsaya a jere, na wuya 7 ne kamar kusan duk dabba mai shayarwa. Ƙirji da tafin ƙafa gara ka ciro su da wuri tun jijiyoyin na riƙe, ka tsince naman da ɗan hantsaki, ka daidaita su yadda kake so su bushe a haka. Haidirojin 3% na awa kaɗan ya ishe shi, na kaza ko tantabara ma ƙasa da haka. Ka lura da wasu 'yan mitsi-mitsin haƙora biyu da ke ɓoye a bayan manyan na gaba na sama, su suka bambanta zomo da dangin ɓera kuma su suka fi saurin ɓata. Zomon ka saya a kasuwa a yanka. Ɓeran gida ko na daji kar ka sa yara su kamo, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa zazzaɓin Lassa ke kama mutum.

Kan kare shi ne na fi son ka yi taka-tsantsan. Cutar haukan kare a ƙwaƙwalwa da yawu take zama, kuma su za ka taɓa. Karen da aka kashe don ya ciji mutum, ko ya mutu yana dalala ko ya canza hali, ba naka ba ne, kansa na likitocin dabbobi ne su aika gwaji irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato. Ka je asibitin dabbobi na gwamnati ka gaya musu abun da kake nema, su suka san wanda ya mutu da dalilin da aka sani. Haka mushen saniya ko tunkiya da ka tsinta a daji, musamman wadda ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, ko ƙashinta ya bushe kar ka ɗauka. Ƙwayar antiraks, cutar da ke kashe dabba haka kuma take kama mutum, na yin shekaru gommai a ƙasa da ƙashi, haidirojin na kemis ba abun dogaro ba ne a kanta, kuma ba labarin nesa ba ne, a Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Yankakkiyar dabba daga kwata ta raba ka da wannan duka, har da maganar najasar mushe. Namun daji irin kura da kada da ungulu da ake gani wurin 'yan magani, ka bar su inda ka gan su, akwai dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, malamin makaranta bai kamata a same shi da su ba.

Sannan ka gaya wa shugaban makaranta da maigadi abun da ke cikin bokitin nan tun ranar farko, in a unguwa ne ka sanar da maƙwabta ko mai unguwa. Ka san halin da ake ciki, mutum da buhun ƙasusuwa da wari na tashi, kafin ka buɗe baki ka yi bayani an tara maka jama'a. In za ka ɗauko su a mashin daga wani wuri zuwa makaranta, ka riƙe katin aikinka da 'yar takarda mai hatimin makaranta da ta faɗi ƙashin wace dabba ce da abun da za a yi da shi.